Iyakar Mazaɓa Ita Ma Mudu Ce

Yau batunmu awo ne, amma ba na hatsi ba.

Kowa ya san Suratul Muɗaffifina ta buɗe da tsoratar da masu tauye mudu. Mukan ɗauka da 'yan awo na kasuwa kaɗai take, alhali kuwa malamai sun ce ta shafi duk mai cika wa kansa, ya rage wa wani haƙƙinsa. To, ƙuri'a ma aunawa ake yi, mudunta kuwa shi ne iyakar mazaɓa.

Ku dubi Kankiya da Kusada. An haɗa su da Ingawa sun zama mazaɓa guda, ɗaya daga cikin 15 na Jihar Katsina a Majalisar Wakilai mai kujeru 360. Tsarin Mulki na 1999 ya ce a yi rabo yadda yawan jama'ar mazaɓu zai yi kusan daidai, ya kuma ɗora wa hukumar zaɓe sake dubawa idan shekara goma ta shuɗe. Amma fa rabon da ake aiki da shi tun na 1996 ne. An yi ƙidaya a 2006, waɗanda aka haifa a shekarar rabon har sun yi aure sun haihu, iyaka na nan inda take. Idan mutanen wata mazaɓa suka ninka na wata, kowace kuma wakili ɗaya ke gare ta, ashe ba a tauye wa wasu mudu ba? Hadisi ya inganta a Muslim cewa Annabi ya ce Allah Ya la'anci mai canja alamun iyakar ƙasa. Duk ranar da aka tashi gyara, mai riƙe da alƙalami ya tuna da wannan, kada ya karkata layi don jam'iyya ko don wani ubangida.

Sa'an nan akwai mudu na biyu, wanda ke hannun wakili. A 2018 Ahmed Babba Kaita na Kankiya ya koma Majalisar Dattawa, aka yi zaɓen cike gurbi, Abubakar Yahaya Kusada ya ɗauki kujerar. Watau kujera ta tashi daga wani gari ta koma wani, amma amanar ba ta ragu ba. Duk wanda ya hau, za a tambaye shi game da rijiyar ƙauyen da bai zaɓe shi ba, kamar yadda za a tambaye shi game da ta ƙofar gidansu. Mu ma masu zaɓe, da muke cewa "yanzu layinmu ne, namu ya hau mu sha," mu muke matsa wa wakili ya rage wa maƙwabta. Na sha jin wannan magana har a bakin masallaci, daga mutanen da ba za su yarda mai awo ya rage musu ko tafin hannu na gero ba.