Tsimi da Hukuncin Abin da Ya Sauya

Masu tsimi a Karaye amsarsu ɗaya ce in ka tambayi halaccin abin da ke tulunsu: "Malam, ai itace ne." Itacen kuwa suka zuba: sassaƙen maɗaci, saiwar sabara, 'yar tsamiya, kanumfari. Sai dai ni ban yarda sunan itace ya isa hujja ba, don abin da aka jiƙa ran Asabar ba shi ake tsiyayowa ran Alhamis ba.

Kowace mace a Rogo ta san haka a kan kalwa. Ƙwayar ɗorawa ce mai tauri, ba ta miyar kowa. A dafa ta, a surfe, a rufe ta da ɗumi kwana biyu zuwa uku, sai ta yi yauƙi da warin da maƙwabta za su shaida. Ƙwayar halitta mai suna Bacillus subtilis ce ta farfasa furotin ɗinta. Ba wanda ya taɓa kiran daddawa mushe.

A tulun tsimi ma'aikatan sun fi yawa. Akwai bakteriya masu cin zaƙi su fitar da tsami, irin na nono, waɗanda Louis Pasteur na Faransa ya bayyana aikinsu a 1857. Suna rage baurin wasu sassaƙe, suna kuma cire sukarin da ke manne da wasu sinadaran ganye har hanji ya fi saurin ɗaukarsu. Ƙarfin magani na iya ƙaruwa, yana iya raguwa. Ga kuma yis, shi barasa yake fitarwa, muddin ya samu zaƙi. To, mu nan ƙasar rake ce. Gwaggona mazarƙwaila take jefawa don kashe ɗaci, ta toshe bakin tulu da tsumma. Ranar da ta buɗe sai ka ji 'yar ƙara, kumfa na tasowa.

Malamanmu na Malikiyya ba su tsaya kan asalin abu ba. Muhtasar na Halil ya lissafa giyar da ta zama khal cikin abubuwa masu tsarki. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta a zaure, ta hana jiƙa abin sha a cikin duma, kuma masu sharhi sun ce saurin juyawarsa ne dalili. Sahihu Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa jiƙon zabibin Manzon Allah (SAW) ba ya wuce yammacin kwana na uku. Haram na komawa halal, halal na komawa haram, duk a tulu ɗaya.

Inda nake tsayawa shi ne ma'auni. Ƙa'ida ta ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Kunun zaƙi da ya kwana ana iya shan kwano uku a gani. Amma wa zai iya shanye tulun maɗaci don ya gwada mana?