Ƙaura da Haƙƙin Riƙon Yaro Bayan Mutuwar Aure

Idan aure ya mutu a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi, al'ada ta saba barin yaro wurin uwarsa har zuwa yaye, sannan dangin uba su aiko a ɗauke shi, alhali fiƙihun Malikiyya da kotunan Shari'a na Jihar Katsina suke hukunci da shi bai tsayar da haƙƙinta a nan ba. Hadana, wato haƙƙin rainon yaro da kula da kwanansa da cinsa da tsabtarsa, tana hannun uwa har ɗa namiji ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta, ciyarwa kuwa tana kan uba. Idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, haƙƙin yakan koma ga mahaifiyarta, ba ga matar uba ba.

Mas'alar takan rikice ne idan ɗaya daga cikin iyayen ya tashi daga gari. Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda alƙalai suka fi dogara da shi, ya bambanta tafiyar fatauci ko ziyara da tafiyar ƙaura, wato wadda aka yi da niyyar zama, kuma ya auna ta da baridi 6. Baridi ma'aunin tafiya ne na mil 12, saboda haka jimlar ta haura kilomita 100. Uwar da ta ƙaura irin wannan nisa haƙƙinta ya faɗi, uban da ya ƙaura kuma yana iya tafiya da ɗansa, sai fa idan ita ma ta bi su. Manomin Bakori da ya gama girbin masara da cirar auduga ya tafi cin rani ba shi da wannan hujja, domin ruwan farko zai dawo da shi gona.

Ma'aunin bai san iyakar jiha ba. Bazawarar da ta koma gidan iyayenta a Zariya daga Funtuwa ta shiga Jihar Kaduna amma ba ta kai baridi 6 ba, wadda ta koma birnin Katsina kuwa tana cikin jiharta amma ta wuce su, kuma kafin 1987 duk garuruwan nan uku jiha guda suke. Abin da malamai suka duba shi ne ikon waliyyi ya san halin da ɗansa yake ciki, kuma akwai abin tattaunawa a kan ko nisan da aka auna da tafiyar raƙumi yana hana wannan a zamanin kwalta da wayar salula.

Sharaɗin da aka fi mantawa da shi shi ne aminci, domin Halilu bai yarda uba ya tafi da yaro ba sai garin da za a je da hanyar da za a bi duk amintattu ne, kuma alƙalin da ya san halin da 'yan bindiga suka jefa yankin Faskari da Sabuwa da hanyar Birnin Gwari ba zai ɗauki wannan sharaɗi da wasa ba.

Mafi wuya shi ne batun matar da duka ya kora. Malikiyya ta ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa, ko ya zaunar da ma'aurata tsakanin mutanen kirki da za su shaida wanda ke zalunci, sai dai wannan kariya ta dogara ne da maƙwabta, ba ta bin mace zuwa wani gari. Dokar tarayya ta hana cin zarafi ta 2015, wadda ta tanadi umarnin kotu na nisanta mai cutarwa, a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye, kowace jiha sai ta yi tata. Lissafa gudun irin wannan mata a matsayin ƙaurar ganin dama, har a karɓe mata yara, bai dace da manufar hadana ba, wadda maslahar yaro ce tushenta.