Cinikin Biri A Sama: Kamfanin Da Ba Ya Da Haja Sai Alkawari

Akwai wani irin kamfani a kasuwannin hannun jari na Amurka wanda ba ya saƙa, ba ya ƙira, ba ya sayar da kome. Sunansa a taƙaice SPAC, amma an fi yi masa laƙabi da kamfanin cakin da aka sa wa hannu ba a rubuta adadi ba. Wasu attajirai ne ke kafa shi, su ce wa jama'a: ku kawo kuɗinku, za mu nemo wani kamfani mai sana'a mu haɗe da shi, amma ba mu san ko wanne ba ne tukuna. A shekarar 2021 kaɗai an kafa irinsa sama da 600, suka tara dala fiye da miliyan dubu 160.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki, da jin wannan zai ce ai garari ne, watau cinikin da ba a san abin da aka saya ba, irin sayar da ɗan tayin da ke cikin raƙuma ko kifin da ke cikin ruwa, wanda Manzon Allah (S.A.W.) ya hana. Bahaushe ma ya ce ba a cinikin biri a sama. To, amma kafin a yanke hukunci ya kamata a dubi yadda abin yake, domin aibin da ya fi girma ba a nan yake ba.

Abin da ake sayar wa jama'a ranar farko ƙunshi ne, a kan dala 10. A cikinsa akwai hannun jari ɗaya, da kuma wani yanki, rabi ko sulusi, na wata takarda da za a iya kira takardar damar saye. Bayan kwana 52 galibi sai a kwance ƙunshin, kowanne ya shiga kasuwa da farashinsa. Kuɗin da aka tara kuwa ana ajiye su ne a asusun amana, masu kamfanin ba su da ikon kashe su. Ana ba su wa'adi, yawanci shekara biyu. In sun samo kamfanin da za a haɗe da shi, wanda bai gamsu ba yana da ikon mayar da hannun jarinsa ya karɓi kuɗinsa. In wa'adi ya cika ba su samo ba, sai a rushe kamfanin a mayar wa kowa nasa. Ashe ke nan mai hannun jari yana ganin birin kafin cinikin ya tabbata, kuma wannan ya rage gararin ƙwarai. Sai dai ana zuba kuɗin amanar a takardun bashin gwamnatin Amurka masu kawo ruwa, kuma hukuncin riba ba ya ɓuya ga kowa.

Ita takardar damar saye, abin da take ba mai ita shi ne ikon sayen hannun jari ɗaya a kan dala 11 da rabi, har tsawon shekara biyar bayan haɗewa. In farashi ya haura haka ya ci riba, in bai haura ba takardar ta zama ta ƙunshe ƙosai. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa irin wannan zaɓi ba dukiya ba ne, ba kuma amfani ba ne da ake karɓar kuɗi a kansa, saboda haka cinikinsa bai halatta ba. Wani abin mamaki kuma shi ne, wanda ya mayar da hannun jarinsa ya karɓe dalarsa 10 ba ya mayar da takardar. Ya fita da kuɗinsa cif, ya kuma riƙe rabo a ribar da ba ya cikin hatsarinta. Manyan 'yan kasuwa sun daɗe da gane wannan ƙofa. Ranar da aka yi amfani da takardun nan kuwa, sababbin hannayen jari ake bugawa da rahusa, rabon waɗanda suka zauna ya ƙanƙance.

Idan aka nemi abin da ya fi kama da wannan kamfani a littattafan fiƙihu, to ƙirali ne, wanda wasu ke kira mudaraba: mai dukiya ya ba mai fatauci jari, shi kuma ya sa ƙarfinsa da saninsa. Sharaɗinsa sananne ne. Rabon mai fatauci yana cikin riba, rabi ko sulusi ko yadda suka shirya, kuma ba a kiran wani abu riba sai uwar kuɗi ta dawo cikakkiya. In aka faɗi, mai dukiya ya rasa dukiya, mai fatauci ya rasa wahalarsa. Hikimar ita ce a ɗaure su da igiya ɗaya, kada ɗaya ya yi dariya ranar da ɗaya ke kuka.

A nan ne SPAC ya saki hanya. Masu kafa shi suna ɗaukar kashi 20 cikin 100 na dukan hannayen jari, a kan dala 25,000 kacal bisa al'ada. Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi. A ce an sayar da ƙunshi miliyan 20, an tara dala miliyan 200. Masu kafawa sun sami hannun jari miliyan 5, jimla miliyan 25 ke nan, watau kowane hannu dala 8 ce ke bayansa. In rabin jama'a suka janye, saura dala miliyan 100 a kan hannaye miliyan 15, kowanne bai kai dala 7 ba, tun ba a cire ladan bankunan da suka yi dillanci ba. Wasu malaman shari'a biyu, Michael Klausner na jami'ar Stanford da Michael Ohlrogge na jami'ar New York, sun bincika kamfanonin da suka haɗe a 2019 da 2020, suka tarar kuɗin da ke bayan hannun jarin dala 10 bai kai dala 7 ba a matsakaicinsu. Rabon mai fatauci a nan daga uwar kuɗi aka yanke shi, tun ba a san ko za a ci riba ba.

Adalci ne a faɗi cewa masu kafawa su ma suna zuba wasu miliyoyi na ɗawainiya, kuma suna rasa su in wa'adi ya cika babu ciniki. Amma wannan shi ne ke ƙara dagula lamarin. A misalin da ya gabata, ko da farashi ya faɗo zuwa dala 5 bayan haɗewa, rabonsu ya kai dala miliyan 25, alhali wanda ya amince da su ya rasa rabin dukiyarsa. Mugun ciniki ya fi musu rashin ciniki. Malaman Malikiyya ba su yarda a yanka wa ƙirali wa'adi ba, ko da yake Hanafiyya sun yarda. Wanda ya ga yadda wakili ke yi sa'ad da watansa na ashirin da uku ya kama, ga dukiyarsa na shirin salwanta, zai fahimci abin da wa'adi ke yi wa amana.

An kuwa gani a aikace. Kamfanin motocin lantarki na Lordstown Motors ya shiga kasuwa ta wannan hanya a 2020, ya durƙushe a 2023. WeWork mai ba da hayar ofisoshi ya shiga a 2021, shi ma ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2023. Ba duka ne suka lalace ba, kuma ba kowane mai kafawa ne macuci ba. Amma tsarin da sai wakili ya yi gaba da maslahar kansa kafin ya riƙe amana, tsari ne da ya jingina dukiyar mutane a kan tsoron Allah na mutumin da ba su taɓa gani ba.

A watan Janairu na 2024 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta fito da sababbin dokoki, ta wajabta wa waɗannan kamfanoni su bayyana ladan masu kafawa, da inda maslaharsu ta saɓa da ta jama'a, da yawan ragin da zai sami kowane hannun jari. Bayyana aibi wajibi ne a ciniki, kuma an yi abin kirki. Sai dai dokar ta tsaya ne ga bayyanawa, ba ta hana a yanki kashi ashirin ɗin daga uwar kuɗi ba.