Dubiya Ga Mara Lafiyan Da Asibiti Ya Keɓe

 

Makon jiya wasu daga cikinmu sun tashi daga nan Ali Kazaure, kusan mota biyu, zuwa dubiyar wani dattijonmu da aka yi wa tiyata. Suka tarar an ware shi a ɗaki shi kaɗai. Nas ta ce mutum ɗaya zai shiga, shi ma sai ya wanke hannu, ya sa safar hannu da rigar kariya. Rai ya ɓaci, har aka ce wulaƙanci ne. Wallahi ba wulaƙanci ba ne.

An gano ƙwayar cuta a ciwonsa wadda ta daina jin magungunan da aka saba bayarwa. Irin wannan ƙwaya tana maƙalewa a hannu, a ƙarfen gado, a kofi, a waya. Mai lafiya zai iya ɗaukarta bai ji komai ba, ya kai wa jaririyar gidansa ko tsohuwarsa mai ciwon suga. Bincike ya nuna a 2019 irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi jin jiki.

Addini bai bar mu a duhu ba. Lokacin da tawagar Saƙif ta zo mubaya'a, akwai mai kuturta a cikinsu. Manzon Allah (SAW) ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma, ba tare da musabaha ba. Wa zai ce an raina shi? Sayyidina Umar ma ya juya da jama'a daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba.

Don haka ko a JUTH ne, ko Jankwano, mu bi abin da ma'aikata suka ce. Sabulu kafin shiga, sabulu bayan fita. Alwala daban, wannan daban. Kada a je da yara, kada a zauna kan gadonsa. Addu'a daga bakin ƙofa ma tana isa.

Sai mu masu kemis da masu tallan magani. Sayar wa mutum Ampiclox ƙwaya huɗu saboda kuɗinsa ke nan, ya sha kwana ɗaya ya bari, yana cikin abin da ke koya wa cutar taurin kai. Mu ji tsoron Allah.

Mai son taimaka wa iyalan dattijon ya ga ma'aji bayan sallah. Allah Ya ba shi lafiya, amin.