Shin sunan fasaha yana suturta tsiraici?

Ƴan'uwa, a shekarar 1924 wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Man Ray, ya ɗauki hoton wata mata da ake kira Kiki a birnin Paris, bayanta tsirara, kanta da naɗi. Sannan ya zana mata ramuka biyu irin na gogen Turawa, wai jikinta kayan kiɗa ne. A 2022 aka sayar da hoton a Niyok dala miliyan 12.4. Ita kuwa tun 1953 ta mutu cikin talauci.

Masu kare irin wannan aiki suna cewa haske da siffa suke nema, ba sha'awa ba, kuma matar ta yarda. Gwanintar kam ba mu musanta ta. Amma a wurinmu jiki amana ne, al'aura kuma ba ta canja hukunci don an rataye ta a bango. Yardar yini guda, ta yaya za ta ɗauki idanun shekara ɗari?

Ita Kiki ma an ce ta yarda. To, ƴan matan Senegal da Bafaranshe Fortier ya ɗauka ƙirji a buɗe a zamanin mulkin mallaka, ya buga a katunan wasiƙa yana sayarwa, wa ya gaya masu inda hotonsu zai je?