Ɗalibi Musulmi da Mutum-mutumin Nok

A Jos, maganar kan tashi ne lokacin aikin gida. Malami ya ce a je gidan tarihi a rubuto shafi biyu kan mutum-mutumin Nok, sai uba ya ce, "Yanzu gumaka za a tura min yaro ya kallo?"

Tsoronsa na da tushe. A garin nan aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, kuma ba a ɗaukar zancen shirka da sauƙi. Sai dai malaman Malikiyya sun yi wa hukuncin iyaka: abin da suka haramta shi ne ƙera surar mai rai, cikakkiyar gaɓoɓi, mai inuwa. Zane a takarda bai kai nan ba a wurinsu, kuma sun keɓe 'yar tsanar yara mata, saboda Nana A'isha ta yi wasa da ita. Ɗalibin da ke riƙe da biro bai ƙera komai ba, bai rusuna wa komai ba. Alƙur'ani ma ya yi ta umarni da a zaga ƙasa a duba yadda mutanen farko suka ƙare.

To, me yaron zai gani? Kawunan yumɓu da aka gasa sama da shekara 2,000 da suka wuce, ido mai kusurwa uku da huji a tsakiya, kitso iri-iri, duwatsun ado jibge a wuya. Masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928 kusa da ƙauyen Nok, masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya tattara su, aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Duk mai neman tarihin ado a ƙasar nan, da wannan kitson zai fara. A harabar kuma akwai kwaikwayon ganuwar Kano da na masallacin Juma'ar Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Hana yaro shiga asara ce babba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ajin da za a ce ɗalibi ya cura yumɓu ya fitar da mutum da hannunsa. Nan kam uban na da hujja, kuma ya kamata makaranta ta saurare shi, ta bar yaron ya gina tulu ko ya zana dagi, a ba shi makinsa cikakke.