Bulala Ba Ta Koyar Da Alwala

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Karaye da Rogo, ku ji tsoron Allah game da yaran Islamiyya. Yaro ya shekara uku yana rera farillan alwala da ka, amma a miƙa masa buta sai ya rasa ta inda zai fara. Laifin wa? Na malamin da ya riƙe bulala ya ajiye buta.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani yaro yana fiɗar akuya bai iya ba. Bai zage shi ba. Ya sa hannunsa mai albarka tsakanin fata da nama ya nuna masa. Anas kuwa shekara 10 yana yi masa hidima, bai taɓa ce masa tir ba.

To, kai manomin rake, da karatu ka koya wa ɗanka dashe? Gona ka kai shi.

Malam, fito da su tsakar makaranta. Kowa ya zo da butarsa, su yi, su gyara wa juna. Wanda ya yi tambaya a amsa masa, kada a ce ya cika surutu. In ya ce a maimaita, a maimaita.